Murar Kaka da Hunturu: Ko Tana Hana Yaro Shiga Soja?

Jawabin Jami'in Watsa Labarai ga hakimai da dagatai da magatakarda na ƙasashen Gwarzo da Kabo, a garin Masanawa

 Maganar da na zo da ita yau ta shafi wani ciwo ne wanda kowa ya raina, amma yakan tsaya wa samari a rai duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar kuratan soja. Ciwon nan shi ne murar da ke zuwa da yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, wadda takan kama mutum da kaka ko da hunturu, ta sake shi, sa'an nan baɗi war haka ta komo.

Dalilin da ya sa aka kawo muku maganar shi ne, duk yaron da ke neman shiga soja sai ya bi ta hannunku. Daga wurin mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, kāna a kai ga ƙaramar hukuma don samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ku ne kuka san yaro, kuka san ubansa. Ku ne kuma iyaye kan tambaya, “Yaron nan nawa mai yawan mura, ya nema ko ya haƙura?” To, amsar da za a ba su ita nake so mu daidaita a kanta.

MENE NE CIWON?

Turawan Ingila sun sa masa suna mai ma'anar zazzaɓin ingirici, domin a ƙasarsu yakan tashi ne lokacin da ake yankan ciyawa ana busarwa don dabbobi. Sunan bai dace sosai ba, gama ciwon ba ya kawo zazzaɓi, kuma ingiricin kansa ba shi ne babban mai laifi ba. Wani likita a birnin Landan mai suna John Bostock shi ya fara bayyana shi filla-filla a shekarar 1819, shi kansa kuwa yana fama da shi. Daga baya, cikin 1873, wani likita na birnin Mancesta, Charles Blackley, ya tabbatar da cewa garin furen ciyawa ne ke ta da shi, watau abin da mu muke kira bununi. Ya gwada a kan jikinsa, ya sa bununi a hancinsa da fatarsa, ya ga yadda ciwon ke tashi nan take.

Ga yadda abin yake. Allah ya yi wa jikin ɗan Adam masu gadi a cikin jini, waɗanda aikinsu shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu mutane, masu gadin nan sukan yi kuskure, su ɗauki abin da ba shi da lahani, kamar bununi ko ƙurar ɗaki ko gashin kyanwa, a matsayin abokin gāba. Da ya taɓa cikin hanci ko ido, sai su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke sa cikin hanci ya kumbura, majina ta yi ta zuba kamar ruwa, ido ya yi ja, ganɗa da maƙogwaro su yi ta ƙaiƙayi. Danginsa ɗaya da borin jini wanda ke fitowa a fata. Yakan bi jini, sabo da haka sau da yawa in an bincika sai a tarar uwar yaro ko ubansa ko kawunsa yana da irinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma shafa wa wani. A ƙasashe da yawa an ƙiyasta yana taɓa mutum 1 har zuwa 3 daga cikin kowane 10.

LOKATAN DA YAKE TASHI A ƘASARMU

A nan yammacin Kano, manomi ya san lokatan ko da bai san dalilin ba. Na farko shi ne ƙarshen damina, sa'ad da gero da dawa da masara suka yi bununi, kyasuwa da gamba suka fid da kai a gefen gonaki da bakin burtali. Na biyu shi ne kaka, lokacin sussuka da casa da shiƙa, da ɗaurin harawa, sa'ad da ƙaiƙayi ke tashi ya cika gari. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi fumfuna, da hatsin da ya daɗe a rumbu, su ma suna da nasu garin da ke shiga hanci. Na uku shi ne hunturu, daga watan Nuwamba har wajen Maris, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke ɗauko ƙura mai laushi daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta baza mana ita hazo. Ƙurar hazo da busasshiyar iska sukan fusata hancin kowa, balle wanda da ma hancinsa ba shi da haƙuri.

Akwai kuma waɗanda nasu ba shi da lokaci. Su abin da ke ta da musu ciwon yana cikin ɗaki ne: waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashi, da kyankyasai, da gashin dabbobi. Hayaƙin itace da na taba da turare mai ƙarfi sukan ƙara tsananta shi.

YADDA ZA A RABA SHI DA MURA TA KULLUM

Mura ta kullum ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Takan bi gida daga wannan zuwa wancan, takan zo da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri bayan kwana biyu ko uku, cikin mako guda ko kwana goma kuwa ta wuce. Wannan da muke magana a kanta ba haka take ba. Atishawa takan zo a jere, biyar, goma, ba tsayawa, musamman da sassafe. Majina fara ce tsinkakkiya. Ido yana ƙaiƙayi yana hawaye. Jiki ba zafi. Takan yi makonni, kuma takan komo a lokaci guda kowace shekara. In yaro ya bar masussuka ya shiga ɗaki ya wanke fuska, sai ya ji sauƙi.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, ina roƙon malamai magatakarda su riƙe shi da kyau. Hanci da huhu hanya ɗaya ce. Abin da ke kumbura hanci yana iya sauka ƙirji ya matse hanyoyin iska, shi ne ciwon asma, wanda dattawa kan kira fuka. Mafi yawan masu asma suna da irin murar nan, ko da yake masu murar da yawa ba su da asma har ƙarshen ransu. Alamun asma su ne: numfashi yana fito kamar kukan kyanwa, ƙirji ya ɗaure, tari ya ta da mutum da tsakar dare, ko numfashi ya gagara bayan ɗan gudu. Kada kuma a haɗa asma da tarin fuka na tibi, wanda ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana kuma ɗaukarsa. Duk wanda ya yi tari ya kai mako biyu, musamman in yana rama yana gumin dare, a tura shi asibiti a auna kakinsa. Awon tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

ME YA SA SOJA KE DUBA LAFIYA DA TSANANI?

Tsofaffinmu sun ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sarakuna da hakimai suka tara samari, aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma cikin 1943, aka kai su ƙasar Bama. Waɗanda suka tashi cikin sararin ƙasar Hausa suka tsinci kansu cikin kurmi da ruwan sama da laka. Haka aikin soja yake har yau. Ba a tambayar mutum inda jikinsa ya fi so. Ɗan Masanawa yana iya samun kansa cikin ƙurar Borno da Yobe bana, baɗi kuma cikin fadamun Neja Delta.

Kafin wannan ma akwai horo. Makarantar horon kuratan soja ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924, takan riƙe yaro watanni ana gasa shi: gudun asuba cikin sanyi, fareti cikin rana, rarrafe cikin ciyawa da ƙura, doguwar tafiya da kaya a baya, kwana a daji. Makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin 1964, ita ma tata wahalar ba ta da dama. Sabo da haka kowace sanarwar ɗaukar kurata, bayan ta faɗi shekaru, watau 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da wata sana'a, da ɗan ƙari ga masu sana'a, da tsawon da ake bukata, da takardun makaranta, takan ce lalle mai nema ya zama lafiyayye a jiki da hankali bisa ma'aunin rundunar. Likitocin soja su ke awon, su ke da magana ta ƙarshe.

Likitan soja kuwa tambaya ɗaya ce a ransa: shin mutumin nan zai iya aikinsa a ko'ina, ko da yana nesa da asibiti, ba tare da ya zama kaya ga 'yan'uwansa ba? In an ɗora murar atishawa a kan wannan ma'auni, za a ga mai sauƙi ba ta da wani nauyi. Mutum ya sha ƙwaya guda da safe ya ci gaba da aikinsa. Rundunonin duniya cike suke da masu irinta. Wadda ke jawo magana ita ce mai tsanani, wadda magani ba ya kwantar da ita. Idon da ke zubar da hawaye ba ya saita bindiga. Hancin da ya toshe yana hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa ba ya gadi. Atishawa goma a jere a wurin kwanton ɓauna da dare tana iya tona asirin mutum talatin.

Asma kuwa wani abu ne dabam. Tana iya tashi farat ɗaya cikin gudu ko ƙura ko hayaƙi, in ba magani kusa kuwa tana kisa. Don haka rundunoni ba sa wasa da ita. A Amurka, alal misali, ƙa'idar ma'aikatar tsaro ta sa asmar da ta ci gaba bayan yaro ya cika shekara 13 cikin abubuwan da ke hana ɗauka, sai fa in hukuma ta duba ta yi rangwame na musamman. Ba ƙiyayya ke sa haka ba. Kare ran yaron ne, da na waɗanda za su ɗauke shi in ya faɗi.

MISALAI UKU

Bari mu ɗauki samari uku, irin waɗanda kukan gani a zauren kowane dagaci.

Na farko, duk kaka in ana shiƙa sai ya yi ta atishawa, idonsa ya yi ja, amma yana noma, yana buga ƙwallo, yana gudu daga nan har Kabo bai tsaya ba. Wannan kada a karya masa zuciya. Ya ga likita a ba shi maganin da ya dace, ya cika takardarsa, in an tambaye shi a wurin awo ya faɗi gaskiya.

Na biyu, hancinsa a toshe rani da damina, da baki yake numfashi, ba ya jin ƙanshi, kansa na ciwo kullum. Wannan ya nemi magani tukuna. Wani lokaci tsiro ne ya fito cikin hanci, ko kuwa kogunan ƙashin fuska ne suka kumbura. Ya fara daga Babban Asibitin Gwarzo, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Kano, ko Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Tun da yake ana ɗaukar kurata a kai a kai, in yana da sauran shekaru, jinkirin shekara guda bai ɓata kome ba.

Na uku, bayan atishawa, in hunturu ya kama sai ƙirjinsa ya riƙa kuka, uwarsa ta sha kwana zaune a kansa, yana yawo da abin shaƙa a aljihu. Wannan shi ya fi bukatar a gaya masa gaskiya. Likita zai sa shi ya busa wata na'ura a auna ƙarfin huhunsa. In asma ce ta tabbata, to, a lallashe shi ya nemi wata hanyar. Mai asma da ke shan maganinsa yana iya zama malami ko ɗan kasuwa ko injiniya, ya yi tsawon rai, ya amfani ƙasarsa.

HAƊARIN ƁOYEWA

Abin da ya fi damun hukuma shi ne dabarar ɓoyewa. Wani yaro, da kansa ko bisa shawarar abokai, sai ya je kantin magani ana jibi awo ya sayi ƙwayoyi ya haɗiya don ƙirjinsa ya yi shiru. Ƙila ya wuce awon rana ɗaya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gudun asuba na farko cikin hazon Zariya zai bayyana abin da aka ɓoye. In an yi sa'a, a sallamo shi ya komo gida da kunya. In ba a yi sa'a ba, sai a aiko wa iyaye da mummunan labari.

Hasarar kuwa ba ta tsaya a gidansu ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 217, ya ce a riƙa ɗaukar sojoji yadda kowane yanki na ƙasa zai sami rabonsa. Watau guraben da ke zuwa Jihar Kano ƙidayayyu ne, abin da zai faɗo Gwarzo ko Kabo kuwa kaɗan ne. Duk gurbin da marar lafiya ya shiga ta hanyar ɓoyewa, an hana wani lafiyayyen ɗan ƙasarku ke nan, in an sallamo shi kuma an yi biyu babu.

Har wa yau, a gargaɗi iyaye game da masu cewa a ba su kuɗi su gyara takardar likita ko su samo gurbi. Neman shiga soja kyauta ne, ta intanet ake cika takarda a shafin rundunar, kuma sanarwar kanta takan ce wanda aka kama da takardar jabu za a kore shi a kuma miƙa shi ga shari'a.

MAGANI DA KIYAYEWA

Ciwon ba ya warkewa ɗungum da allura guda, amma ana kwantar da shi ƙwarai. Akwai ƙwayoyin da ke tare aikin histamin. Tsofaffin irinsu, kamar Piriton, suna sa barci da kasala, don haka ba su dace da direba ko mai gadi ko mai riƙe da makami ba. Sababbin irinsu, kamar setirizin da loratadin, barcin da suke sawa kaɗan ne. Akwai kuma maganin fesawa a hanci wanda likita ke rubutawa, mai rage kumburi. Shi ya fi ƙarfi ga toshewar hanci, amma sai an jure ana fesawa kullum, gama yakan ɗauki kwanaki kafin a ga amfaninsa. Mai hankali yakan fara tun makonni biyu kafin lokacin da ciwon ya saba tashi.

Abubuwa uku kuma a guje su. Na ɗaya, ɗigon buɗe hanci da ake sayarwa a kanti: in an wuce mako guda ana amfani da shi, hancin yakan ƙara toshewa fiye da dā. Na biyu, ƙwayoyi irin su deksametason da firednisolon ba da umurnin likita ba: suna kumbura fuska, su ta da hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Na uku, ruwan maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi cikin watan Mayu na 2018 sabo da ɓarnar da ya yi wa samari. Ba ya maganin wannan mura, sai dai ya jefa yaro cikin shaye-shaye, mashayi kuwa ba shi da wuri a bariki.

Ban da magani, akwai dabarun da ba su cin ko kwabo. Mai shiƙa ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ƙaiƙayi ya biyo ta kansa. A rufe hanci da baki da takunkumi ko ƙyalle a masussuka da ranar hazo. Iyayenmu masu amawali sun riga mu sanin amfanin wannan. In an taso daga gona a wanke fuska, a shaƙa ruwa mai tsabta a fyace, a sake riga. A riƙa shanya katifa da bargo a rana, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a ajiye harawa a ɗakin kwana.

ABIN DA AKE ROƘONKU

Ranku ya daɗe, roƙon hukuma gare ku guda biyar ne.

1. In an yi shelar ɗaukar kurata, a sa sankira da limamai su sanar da jama'a cewa yawan atishawa kaɗai ba dalili ba ne na yaro ya ƙi nema.

2. Kafin a sa hannu a takardar yaro, magatakarda ya tambaye shi a gaban ubansa ko waliyyinsa: ƙirjinka ya taɓa kuka? Tari yana ta da kai da dare? An taɓa kwantar da kai asibiti don numfashi? Kana amfani da abin shaƙa? In an ce i ga ko ɗaya, a shawarce shi ya ga likita tun da wuri.

3. Takardar hakimi shaida ce ta asali da hali. Kada magatakarda ya rubuta a cikinta cewa yaro lafiyayye ne, ko kuwa ba shi da lafiya. Wannan aikin likita ne.

4. Abin da yaro ya faɗa game da lafiyarsa amana ce, kada ya zama abin hira a kasuwa.

5. Wanda likitan soja ya mayar, a karɓe shi da mutunci, a nuna masa ba abin kunya ya yi ba, a taimake shi ya kama wata sana'a ko ya ci gaba da karatu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tambaya huɗu a zauren hakimi, da tafiya guda zuwa asibitin Gwarzo, suna iya buɗe wa wani yaro ƙofar da tsoro ya rufe masa, su kuma tsare ran wani wanda ƙuruciya za ta kai shi ga halaka. Ƙasa tana bukatar sojoji masu lafiya, iyaye kuma suna bukatar 'ya'yansu su komo gida da ƙafafunsu.

 Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ja zamaninku, ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.